Manhaja Daga Abuja, Wuta Daga Ina? Tarihin Na'ura a Makarantun Ƙasar Illela

Garu ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Illela, a bakin iyakar Najeriya da Nijar. Daga yankin zuwa Birnin Ƙonni ba wata tafiya ba ce, amma zuwa birnin Sakkwato sai an ci kilomita 80 da 'yan kai, an ratsa Gwadabawa da Kware. Abuja kuwa ba a ma maganarta. Duk da haka a can ake rubuta abin da yaron Garu zai koya game da kwamfuta, a can kuma ake yanke yawan kuɗin da za a kashe a kansa. Shekara fiye da ɗari ke nan ana aiko wa makarantun wannan yanki da kayan koyarwa daga nesa. Wasu sun zauna, wasu sun ruɓe cikin akwati, kuma wanda ya bi tarihin daki-daki zai ga abin da ya raba su.

Kafin 1903

Makarantar allo ba ta taɓa jiran kwangila ba. Masassaƙi ya fere allon daga itacen aduwa, alƙalami daga kara ko gamba, tawada kuma a dafa ta da gawayi da ƙaro a cikin gida. Uba ya sayi allo, uwa ta ba da kuɗin Laraba, malam ya zauna a zaure ko gindin bishiya. In allo ya tsage a sassaƙa wani, in alƙalami ya dakushe almajiri ya fiƙe abinsa da 'yar wuƙa. Abu ɗaya ne ake shigowa da shi daga waje, wato takarda. A ƙarni na 19 yawancinta daga Italiya take tasowa, ta sauka Tarabulus, ta ƙetaro hamada a bayan raƙuma, da tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Tsadarta ce ta sa ake keɓe ta ga Alƙur'ani da littattafan malamai, yaro kuwa ya rubuta a allo, ya haddace, ya wanke, ya sake.

Bayan jihadin 1804 karatu ya sami gindin zama a fada. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun yi rubuce-rubuce masu yawa, Nana Asma'u kuma ta tura jagororin mata na 'Yan Taru ƙauyuka da darussa cikin waƙa, don a ɗauke su da ka ba sai da takarda ba. Arewacin Sakkwato, inda Illela take, ya cika da jama'a sosai a ƙarshen ƙarnin, lokacin da Marafa Muhammadu Maiturare ya kafa Gwadabawa ya riƙa zaunar da mutane har wajen Ƙonni. Shi ne ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Wajen 1914 ƙididdigar Turawa ta nuna makarantun allo kusan dubu 25 a Arewa, da almajirai sama da dubu 200.

1903 zuwa 1960

Ranar 15 ga Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Yarjejeniyoyin da suka ƙulla da Faransa a 1904 da 1906 suka bar Ƙonni a hannun Faransa, Illela a hannun Ingila. Dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya, amma daga ranar manhaja ta zama biyu: ta can da Faransanci, ta nan da Hausar boko sannan Turanci.

Razdan Burdon ya buɗe 'yar makaranta a Sakkwato a 1905 don 'ya'yan sarakuna. Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe ta Nasarawa a Kano a 1909, har da sashen sana'o'in hannu, Kwalejin Katsina kuma ta fara aiki a 1921. Tsofaffi na ba da labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu idan dogari ya zo ɗiban 'yan makaranta, da yadda wasu masu sarauta ke tura 'ya'yan barori maimakon nasu. Wannan zancen baka ne, kowane gari da irin nasa, kuma bakin mai faɗa yakan ƙara masa gishiri. Abin da ke rubuce shi ne cewa makarantun elementare na lardi daga baitulmalin En'e ake biyansu, wato daga haraji da jangali. Ma'ana, girman makarantar gari ya dogara ga abin da talakawansa suka biya da abin da En'e ta ga damar warewa, kuma gundumar da ke can bakin iyaka ba ita ce farkon layi ba.

Na'urar da ta fara isa aji da gaske a wannan zamani ita ce injin ɗab'i, ko da yake yaro bai taɓa ganinsa ba. Hukumar Fassara ta 1929, da Hukumar Talifi ta 1933, da Kamfanin Gaskiya na Zariya a 1945 sun fitar da littattafan karatu da Hausa. Injin yana Zariya da makanikansa da wutarsa, abin da ya haifa kuma yana shiga jakar malami ya yi shekaru ba ya neman batir. Majigi ma ya zo. Mota ce ke shigowa gari da injin wutarta, a kafa farin ƙyalle a fili bayan isha'i, a nuna tsabta da noman gyaɗa da yaƙi da jahilci, gari ya waye ta wuce. Jama'a sun so shi, amma baƙo ne, ba ya kwana biyu.

1962 zuwa 1979

A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, aka kuma riƙa watsa darussan makarantu daga can. Sashen da ke wannan aiki ne gwamnatin tarayya ta karɓa a 1977 ta mai da shi cibiyar fasahar koyarwa ta ƙasa. Rediyo ya dace da ƙauye, domin batir kawai yake nema, kuma kafin gwamnati ta kai shi aji mutane sun riga sun rataya shi a kafaɗa. Labarin da ake yi na tsohon da ya leƙa bayan akwatin yana neman mutanen da ke magana a ciki, barkwanci ne da kowace ƙasa ke jingina wa maƙwabtanta.

A ƙetaren iyaka kuwa an yi gwajin da duniya ta yi ta zancensa. A 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, Faransa ta ɗauki nauyin koyar da 'yan firamare ta talabijin a Nijar. Azuzuwa 22 ne a kewayen Yamai, yara wajen 800. Masu riƙe ajin ba ƙwararrun malamai ba ne, samari ne da suka gama firamare aka yi musu horo na 'yan watanni, darasin kuma yana fitowa daga akwati. Masu bincike sun yaba da yadda yaran suka iya Faransanci da yadda ba su gudun makaranta. A wasu wurare ma da hasken rana aka riƙa kunna akwatunan. Sai dai ƙwararrun na Faransa ne, kuɗin na Faransa ne. Da suka fara janye jiki a farkon shekarun 1970, Nijar ta ja abin na ɗan lokaci, daga baya ya koma gidan talabijin na ƙasa. Yaron Ƙonni bai amfana da yawa ba, balle na Illela. Ayyukan da aka yi a wannan gefen daga baya sun nuna ba wanda ya tsaya ya karanci abin da ya kashe na maƙwabta.

1969 zuwa 1986

Nan ne tushen abin da ake ciki yau. A Satumba 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Legas. Ƙorafin da ya mamaye taron shi ne cewa bokon da Turawa suka bari akawu kawai yake haifarwa, ba ya haifar da wanda zai iya ƙera ko gyara wani abu. Daga wannan taro, da wanda Cif Simeon Adebo ya jagoranta a 1973, aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, mai tsarin 6-3-3-4.

Kafin a kai ga takardar, kuɗin mai ya riga ya buɗe wa gwamnati ido. A Sakkwato Janar Yakubu Gowon ya yi shelar ilimin firamare kyauta a farkon 1974, Janar Obasanjo kuma ya ƙaddamar da UPE a Satumba 1976, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Sakkwato. An shirya wa yara miliyan 2.3 shiga aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka bayyana. Aka yi ta gina azuzuwa cikin gaggawa, aka ɗebi malaman da horonsu bai nuna ba, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta riƙa koyar da su daga nesa. Ƙauyuka da yawa na ƙasar Sakkwato a wannan guguwa suka fara ganin ginin makaranta mai rufin kwano.

Ƙaramar sakandare ta fara a 1982, ko da yake wasu jihohi sun yi jinkiri. Shugaban ƙasa a lokacin, Alhaji Shehu Shagari, ɗan Sakkwato ne kuma tsohon malamin makaranta. Zuciyar sabon tsarin ita ce darasin gabatar da fasaha, wanda ɗalibai ke kira Intirotek: aikin katako, aikin ƙarfe, lantarki, zanen injiniya. Niyyar ita ce yaron da bai wuce aji uku ba ya fita da sana'a a hannu. Gwamnatin tarayya ta yi odar injuna daga ƙasashen gabashin Turai irin su Bulgeriya da Hangari da Cekosulobakiya, aka rarraba wa jihohi.

Ga yadda abin ya kasance a makarantu da yawa na karkara. Babbar mota ta sauke akwatunan katako a gaban ofishin shugaban makaranta, ya sa hannu. Ba ɗakin da za a kafa injin, ba wutar da za ta juya shi, ba malamin da ya taɓa kunna irinsa. Aka tura akwatunan sito. Zarto da guduma da sauran ƙananan kaya suka bi hannaye ɗaya bayan ɗaya, manyan kuma gara ta ci akwatin, tsatsa ta ci ƙarfen. Malam ya zana injin a baƙin allo da alli, yara suka kwafa, suka haddace sunayen sassansa, suka ci jarrabawa. Kyautar doki ce aka yi wa wanda ba shi da harawa.

Wasu na ɗora laifin duka kan faɗuwar farashin mai, kuma suna da hujja. Tun Afrilu 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, a 1986 ganga ta faɗo ƙasa da dala 15, gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta zube. Illela ta sha nata kashin daban, domin an rufe iyakoki daga 1984 zuwa 1986, kasuwar da ke ciyar da iyayen yara ta yi sanyi. Amma a ganina ko da mai bai faɗi ba, tsarin kuɗin kansa gurgu ne. Sayen injin aikin tarayya ne, ana yinsa sau ɗaya, yana da kwangila, yana da bikin ƙaddamarwa. Gina ɗakin, jawo wuta, albashin malami da gyara idan ya lalace an bar wa jiha da makaranta, kuma waɗannan ba su da biki, kullum ake biyansu.

1987 zuwa 1999

A 1987, lokacin da Farfesa Jibril Aminu ke ministan ilimi, majalisar ilimi ta ƙasa ta amince a shigar da kwamfuta sakandare, a 1988 aka fitar da manufar. An fara da kwalejojin gwamnatin tarayya, irin wadda ke birnin Sakkwato tun 1966. Makarantar jiha da ke ƙauye ba ta cikin lissafin. A firamare kuwa maganar ba ta kwamfuta ba ce, ta albashi ce: an kafa hukumar firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991 aka mai da nauyin kan ƙananan hukumomi, malamai suka yi wata da watanni ba biya, aka sake dawo da ita a 1993. A wannan shekarar ne dai aka kafa asusun harajin ilimi, kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni.

1999 zuwa 2014

Ranar 30 ga Satumba 1999 Obasanjo ya sake zuwa da shirin ilimi bai-ɗaya, kuma a Sakkwato ya ƙaddamar da UBE. Dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗi: jiha ba za ta taɓa kasonta na ayyuka ba sai ta ajiye kwatankwacinsa. An yi haka don kada gwamnoni su naɗe hannu, sai ya zama jihar da ta fi talauci, wadda ta fi buƙata, ita ce ta fi shan wuyar cika sharaɗin. Shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance a hukumar UBEC ba a ɗauka ba. Wanda aka ɗauka ma yawanci gini da kujeru yake tafiya, kuma ba laifi, tunda yara na zaune a ƙasa.

A 2001 aka fitar da manufar fasahar sadarwa ta ƙasa, aka kafa NITDA, aka sayar da lasisin wayar salula. Daga nan ayyukan gwaji suka yi ta fitowa. Kamfanin Intel ya gwada ƙananan kwamfutocinsa a wata sakandare a Jabi, shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro ya sauka a firamaren Galadima a 2007, duka a Abuja, aka yi ta zancen odar miliyan guda wadda ba ta tabbata ba. Hukumar sadarwa ta NCC ma ta riƙa kai kwamfutoci da intanet zaɓaɓɓun makarantu daga asusunta. Inda aka dace, kuɗin intanet ɗin da aka biya na farko yakan ƙare, sabuntawa kuma ta zama ta makaranta.

Manhaja ba ta jira kowa ba. Hukumar NERDC ta sa darasin kwamfuta cikin tsarin shekara tara da ya fara aiki a 2008. Sabuwar manhajar babbar sakandare ta 2011 ta zo da sana'o'i 34, ciki har da gyaran wayar salula. A 2014 aka cusa kwamfuta cikin darasi guda tare da kimiyya da fasaha da motsa jiki, don rage wa yara yawan darussa. Wani abu kuma ya faru a 2011 wanda ba a cika tunawa da shi ba: an mai da asusun harajin ilimi ya zama TETFund, na manyan makarantu kaɗai. Daidai lokacin da ake ƙara wa sakandare buƙatar na'ura, aka toshe mata wannan rijiya.

A Afrilu 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, ta farko cikin sama da ɗari da aka gina a ƙasar. An miƙa su ga jihohi, kuma bayan 'yan shekaru rahotanni suka nuna da yawa sun lalace ko an canza musu aiki.

2015 zuwa 2024

Abin da manufofin baya suka kasa, jarrabawa ɗaya ta yi shi. JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, a 2015 ta soke takarda gaba ɗaya. Daga ranar uba bai buƙatar a yi masa wa'azin amfanin kwamfuta. Ɗalibin da ya yi shekara shida yana zana madannai a littafi sai ga shi a gaban na'ura a cibiyar jarrabawa, agogo na tafiya, hannu na rawa a kan linzami, yana ɗaga yatsa: "Yallaɓai, ina zan danna in wuce?" Masu shagunan kwamfuta a garuruwa suka buɗe darasin share fage, iyaye suka biya, suka biya kuɗin mota da na kwana. Gwamnati ta kafa doka, aljihun talaka ya aiwatar.

A ƙarshen 2015 Gwamna Aminu Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya ware wa fannin fiye da rubu'in kasafin jiha a shekarun farko. Kuɗin waje ma ya shigo: tallafin dala miliyan 100 na jihohi biyar, Sakkwato na ciki, da shirin Amurka na koyar da karatu da Hausa a Sakkwato da Bauchi. Abin lura, wanda ya fi barin alama a ajin ƙauye daga cikinsu littafi ne da horon malami. A ɓangaren tarayya kuwa kason ilimi bai kai kashi 10 cikin ɗari na kasafi ba a yawancin waɗannan shekaru, alhali ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi a 2015 kashi 15 zuwa 20 ne.

Sannan zaman bakin iyaka yana da nasa haraji, wanda mai rubuta manhaja bai san da shi ba. A Agusta 2019 aka rufe iyakoki. A Nuwamba hukumar kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Illela kuwa tana ciki tsundum. Shugaban makarantar da ke da janareta sai ya nemi 'yan bumburutu, a farashinsu. A Maris 2020 korona ta rufe makarantu, jihohin Arewa suka koma wa rediyo, na'urar 1962, domin ita ce kaɗai ke kowane gida. An buɗe iyakar Illela ranar 16 ga Disamba 2020 tare da Seme da Maigatari da Mfum. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga. Wata shida bayan haka, a Maris 2022, aka ƙaddamar da dandalin karatu ta intanet na gwamnatin tarayya da UNICEF. Juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 ya sake rufe iyakar har zuwa Maris 2024.

Duk wannan lokaci na'ura tana shiga yankin ta wata ƙofa. A kasuwar Illela ga mai cajin waya da faifan sola a kan rumfa, wayoyi jere kowace da 'yar lamba manne a bayanta. Gefensa ga mai gyara, ya kwance waya a kan tebur yana bin ta da ƙarfen narka dalma, yaransa biyu na kallo suna miƙo kaya. Mutane da yawa na riƙe da layi biyu, na Najeriya da na Nijar, wanda ya kama a yi da shi. Babu kasafin da ya biya wannan, kuma gyaran wayar da manhaja ta rubuta tun 2011 a nan ake koyonsa.

2025

Tun a 2023 Bankin Duniya ya ƙara dala miliyan 700 a shirin AGILE na karatun 'yan mata, Sakkwato ta shiga cikin sababbin jihohin, kuma koyar da kwamfuta na cikin sassansa. Bashi ne mai wa'adi, tambayar da Nijar ta fuskanta da Faransa ta janye jiki daga shirin talabijin na jiransa a ƙarshe.

A 2025 ministan ilimi Tunji Alausa da ƙaramar minista Suwaiba Sa'id Ahmad suka fitar da sabuwar manhaja. An rage darussa, an sa ilimin na'ura tun daga aji huɗu na firamare, an mai da shi tilas a babbar sakandare, sana'o'i kuma an taƙaita su zuwa shida. Biyu daga ciki sun yi wa Garu daidai: gyaran kwamfuta da waya, da haɗa sola. Wannan na biyun shi ne karon farko da na ga manhaja ta waiwayi wutar kanta, ba na'urar da ke jiranta kaɗai ba.

A shekarar ne kuma ministan ya ce WAEC da NECO su koma kwamfuta baki ɗaya a 2026. Bambancin da JAMB babba ne. JAMB zama ɗaya ce, ta masu neman jami'a. WAEC makonni ake yi ana rubuta ta, kowane ɗan aji shida yana ciki, har da wanda makarantarsa ba ta da ko soket. A Nuwamba 2025 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata har 2030, ta kuma buƙaci tarayya da jihohi su sa ɗaukar malaman kwamfuta, da gina ɗakuna masu intanet, da sayen janareta a kasafin 2026 zuwa 2029.